Guntun Karan da Na Yanke

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ladi, daga mahaifinki Sanda magini, Gidan Sori.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki Maradi lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa kin tarar da goggonki Hajo da mutanen gidanta ƙalau. Na ba innarki takardar nan, na ce ta cusa ta ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san can za ki fara kai hannu. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kuma hannun da ya saba da laka ba ya jituwa da alƙalamin bik. Tare da takardar akwai ɗan ƙunshi cikin tsumma. Kada ki kwance shi tukuna, karanta ki gama.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Sati biyu da suka wuce innarki ta gaya mini maganar da kuka yi wurin daka. Wai ranar Litinin, in kin je buro, wato ofishin lakol, makarantar koyon sana'a, aka ce ki zaɓi sashe, ba za ki rubuta sashen gini ba, na aikin buro za ki rubuta, don hannunki bai iya awo ba. Da na ji, lomar da ke hannuna na mayar cikin kwano. Wannan magana ƙarya ce, Ladi, kuma ni na dasa miki ita. Sau uku na zo bakin ɗakinku in faɗa miki, sau uku bakina ya ƙi buɗuwa, na ƙare da tambayar ko an ba akuya ruwa. To abin da baki ya kasa, ga shi a takarda.

Kin san halina, ba na raina aikina. Daga nan har Cadakori, duk rumbun da kika gani tsaye, cikinsa a cike, bakinsa daidai, ki tambaya, ko hannuna ne ko hannun wanda na koya wa. Amma yau ba yabon kai na zauna yi ba. Wuraren da na yi ɓarna zan tona miki, ki ɗauki abin ɗauka.

Ina saurayi, baffana da ya koya mini gini ya bar mini rumbun wani Bafillace mai suna Jaɓɓo, wanda ya gaji da bin shanu ya fara noma. Ƙa'idar aikin kin san ta: ka ɗora zagaye ɗaya na laka, ka bar shi ya sha rana, gobe ka ɗora wani. To gidan Jaɓɓo kan hanyar rijiya yake, ƴan mata na wucewa da tuluna, cikinsu har da wata doguwa mai wushirya wadda yau kike ce wa Inna. Sai na ce bari su ga magini. Zagaye huɗu na ɗora rana ɗaya, ina yi ina waƙa. Washegari da hantsi na tarar rumbu ya zauna, ya baje kamar tuwon da aka kwashe bai nuna ba. Jaɓɓo bai yi faɗa ba. Ya dubi rumbun, ya dube ni, ya ce, “Magini, wannan na kaji ne ko na gero?” Har yau in innarki tana so ta kashe mini baki, sai ta ce, “Na kaji ne?” Can lakol za ki tarar da masu gama aiki kafin kowa don a gan su. Kada ki bi su. In laka ba ta bushe ba, wanke hannunki ki kama wani aiki, gobe ki dawo.

Na biyu ya fi daɗewa tare da ni. Shekarar da gero ya ƙi, na tafi cin rani Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya ƙare, na yi ga-ruwa. Wata rana aka ce in kai ruwa rumfar da kan jirgi ke shiga in ya gama aiki. Kai, Ladi! Ban taɓa tsayawa cikin ɗaki irin wannan ba. Dogo biyu sun shiga ciki, tsakiyar kowane akwai dogon rami mai matakala, can sama an ɗaga tsakiyar rufin an bar kafofi. Na auna tsawon rumfar da faɗinta da taki, a ɓoye, kamar mai neman abin da ya faɗi. Amma in buɗe baki in ce ramin nan na mene ne, sai na ji kunya, kada a ce baƙauye ya zo. Na dawo gida na yi shekara da shekaru ina gaya wa mutane a bakin masallaci cewa ramin ruwa ne, nan jirgi ke sha kamar raƙumi. Kowa ya yarda, tunda ni kaɗai na gani. Sai da kika zo da littafin mushenku, malamin ajinku, kika nuna mini hoto: makanikai ke sauka ciki su duba cikin jirgin daga ƙasa, kafofin sama kuma na hayaƙi ne. Na ce mai littafin ne bai sani ba. Kika rufe baki da gyale, kafaɗunki na rawa, kina tsammani ban gani ba. To ki ji: duk abin da ba ki gane ba a lakol, ɗaga hannu ki tambaya, ko ƴan birni za su yi dariya. Tasu dariyar kafin azahar ta wuce, ni kuwa tawa kunyar sai da na yi furfura ta same ni.

Yanzu ga babban.

Kin tuna shekara biyu da suka wuce, lokacin da maganar dogo zai zo Maradi ta cika kasuwa, Mushe Garba ya ce kowane ɗan aji ya gina ƙaramin abu na tashar jirgi, abin da yake ce wa maket, a nuna wa iyaye ranar rufe lakol. Wasu suka ɗauki gada, wasu ɗakin sayar da tikiti. Ke kika ce rumfar kan jirgi za ki yi, tunda babanki ya taɓa shiga. Ba ki sani ba, ranar nan har kasuwa na je ina yawo ba abin da zan saya, don daɗi.

Na ba ki takin da na auna, kika mayar da shi metir, kika ce kowace metir ɗaya za ta koma santimita biyu, komai da komai, daga bango har tagogi. Tsohon ƙyauren ɗakin kakarki ya zama filin tasha, kika shafa masa toka da baƙin mai ta ƙasa saboda gara, ta sama kuma kika shimfiɗa masa laka. Kika buga tubali cikin kwalin ashana, kina raba kowanne gida huɗu da reza tun yana ɗanye, kika shanya su bisa faifai har innarki ta rasa na fifita fura. Wayoyin ƙafar keke suka zama dogo, kika jera su kan ƴan guntayen itace. Gwangwanin madara kika buɗe, kika matse shi tsakanin tsinkaye har ya yi kwari-kwari kamar kwanon rufi. Kika tona ramin makanikai da cokali, har da matakala uku. Kan jirgin kuma kika yanka shi daga gwangwanin tumatir, kika kai wa mai dalma a Gidan Rumji ya liƙa masa ƙafafu. Wata ɗaya da rabi kina wannan aiki, daga dawowa lakol har kiran magariba. Ina wucewa ina kallo da gefen ido, ban ce miki komai ba. Wallahi ban taɓa ganin hannu mai tsabta kamar naki ba, har cikin maginan da na yaye.

Abu ɗaya kika ɗauka daga wurina ba tare da na ce ki ɗauka ba: kowane awo kika yanke masa karansa, yadda muke yi wurin gini. Karan tsawo daban, na faɗi daban, na tsayin ƙofa daban.

Ranar kasuwar Cadakori za ki raka innarki, sai kika durƙusa kika ce, “Baba, saura kan ƙofa, kuma ina tsoron kada ya karkace. Ka ɗora mini, ga karan.” Kuka tafi. Na zauna gindin itacen bedi da hantsi, na tsayar da karan bakin ƙofar, sai idona ya ce a'a. Ni da na shekara talatin ina gina ƙofar da mutum ke sunkuyawa ya shiga, na ga wannan ta yi tsawo, ta kusa cinye bangon gaba. Na ce yarinya ce, ta zarce. Ban tsaya na tambayi kaina don me kika yi haka ba. Na zaro wuƙa na yanke faɗin babban yatsana daga karan. Kuma don kada ki dawo ki yi mini gardama, na goga bakin da ƙasa har ya yi kamar tsohon yanka. Na ɗora kan ƙofar daidai sabon awo, ya fito tsaf, na yaba wa kaina.

Abin da ban lissafa ba, ke kin lissafa. Kan jirgi ba ƙasa yake takawa ba, bisa dogo yake, dogo kuma bisa itace. Laka in ta bushe tana janyewa, ni da kaina na sha faɗa wa masu koyo haka. Duk kin ƙara wannan cikin karanki, ni kuwa na yanke shi na jefa aljihu.

Kan jirgin bai dawo daga mai dalma ba sai safiyar ranar nunin, ɗan kabu-kabu ya kawo shi har ƙofar lakol. Ni da kawunki Ila muka ɗauko ƙyauren a ka, muna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Aka ajiye tsakar fili, mutane suka bar na kowa suka taru kan naki. Tsofaffi na leƙa tagogi, wata mata ta ce saura kawai a ji kukan jirgi. Mushe Garba ya ce, “To, a shigar da shi mu gani.” Kika ɗora shi kan dogo, kika tura da yatsa biyu. Ya tafi sumul har bakin ƙofa, ya tsaya ƙam. Kika ja baya kika sake turawa, rufinsa ya bugi kan ƙofar, ya tsage, tubali uku suka faɗa cikin ramin. Wani daga baya ya ce, “Jirgi ya ƙi gida!” Fili ya ɗauki dariya.

Mushe ya ce, “Wa ya auna ƙofar?”

Kika ce, “Ni ce, Mushe.”

Ya juyo wurina, don ya san ni magini ne. Nan ne wurin da zan ce ni na taɓa karan. Guntun yana cikin aljihun rigar da ke jikina, ina jin sa. Amma ga liman, ga mai gari, ga mutanen da na gina wa rumbuna. Sai na ji bakina ya ce, “Ai Mushe, awo ba wasan yara ba ne.” Aka sake dariya, har da ni. Tir da wannan baki nawa.

Da muka dawo gida na gan ki bayan ɗaki kin ɗora karan kan regil ɗinki na lakol, abin awon santimita. Kika ga goma, ba sha biyun da kika auna da farko ba. Kika juya shi, kika sake aunawa, kika daɗe kina kallonsa, sannan kika wurga shi bisa rumfar girki. Tun ranar ba ki sake taɓa laka ba, ko murhu innarki ta ce ki gyara sai ki ce ba ki iya ba. Ina gani, ina jin zafi, na yi shiru. Na riƙa gaya wa kaina kunyar ɗiyar fari ce ta hana ni, tunda mu ba mu saba zama mu yi doguwar magana da ɗan fari ba, ko sunansa ba ma kira. Ƙarya nake yi wa kaina. Kunya daban, girman kai daban, kuma na san wanda ya riƙe ni.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Kada ki rufe kan ƙofa sai abin da zai shiga ya shiga a gabanki, in bai zo ba ki jira shi. Kada ki bar karan awonki hannun kowa, ko mahaifinki ne, ba tare da kin rubuta awon a wani wuri ba. In babba ya ce awonki bai yi ba, kada ki yi masa tsawa, kada kuma ki sunkuyar da kai. Ki ce, “Baba, mu sake aunawa tare,” ki kawo regil ki ajiye tsakaninku. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Ke ma kina da naki laifin, ba zan ɓoye miki ba. Kin yi saurin cewa “ni ce.” Kin san sau nawa kika auna karan nan kafin ki yanke, ni na gani, sau uku. Amma da abu ya ɓaci, ba ki ko yi tunanin wani ya taɓa ba, kika ɗauki kayan kika ɗora wa kanki. Ladabi ne, na sani, mu muka koya miki. Amma can inda za ki, in bango ya tsage za a nemi wanda za a ɗora wa, kuma mai shiru ake fara dubawa. In naki ne ki ce naki ne ba tare da kwana-kwana ba, kada ki yi irin tawa. In ba naki ba ne, ki tsaya a bincika.

Yanzu ki ji abin da na yi cikin sati biyun nan da kuke cewa na cika zaman gona ba aikin fari ba na baƙi. Washegarin ranar da innarki ta yi mini maganar, na hau rumfar girki na tono karanki cikin shara, rana ta cinye launinsa amma yana nan. Na fito da rumfarki daga tsohon rumbu inda na ɓoye ta, na ɗora a amalanke na rufe da buhu, na kai bukkar gona. Guntun da na yanke yana cikin gwangwanin da nake ajiye katina, ban taɓa iya yar da shi ba. Na haɗa su baki da baki, na ɗaure da zare. Na rushe bangon gaba, na buga sabon tubali cikin kwalin ashana yadda na ga kina yi, kuma in gaya miki gaskiya, nawa bai kai naki kyau ba, yatsuna sun yi kauri. Na ɗora kan ƙofar daidai karanki. Na bar shi kwana bakwai ya bushe, ban yi gaggawar gidan Jaɓɓo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, kina can gidan kakanninki kina sallama, na kira Mushe Garba da liman da kawunki Ila, da duk wanda na tuna yana wurin ranar nan ya yi dariya. Na kai su bukkar. Na ɗora kan jirgin bisa dogo na ce Mushe ya tura da hannunsa. Ya tura. Ya shige, Ladi! Ya shige har ƙuryar rumfar ya tsaya bisa ramin makanikai, tsakanin rufinsa da kan ƙofa akwai sarari daidai yadda kika zana a takardarki. Mushe ya jawo shi ya sake turawa, sau uku. Sannan na kwance zaren na nuna musu guntun, na faɗa musu abin da na yi, da yadda na goga bakin da ƙasa, ban rage komai ba. Liman ya ce, “Sanda, ba ka kyauta ba.” Na ce na sani. Kawunki ya ce, “Ashe na kaji ka sake ginawa.” Na bar shi ya ci, ya samu. Na roƙe su kada su gaya miki, don daga wurina ya kamata ki ji. Mushe ya ɗauki hoto da wayarsa, ya ce zai aika wa goggonki, ki tambaye ta ki gani da idonki.

To kwance ƙunshin. Karanki ne da guntunsa. Haɗa su ki ɗora kan regil, za ki ga sha biyu cif.

Ban ce dole ba. In kin ga aikin buro kike so don kanki, Allah ya sa albarka, ba zan ce uffan ba. Amma in don maganar awo ne, wannan magana ta mutu, ni na kashe ta gaban shaidu. Na shekara talatin ina kallon hannun masu gini, na san wanda zai iya tun daga yadda yake riƙe kara, kuma ke kin fi ni. Ina da yaƙini ranar da dogon nan ya iso, za a nemi masu gina rumfar gaske, ba ta kwalin ashana ba, kuma ba na shakkar wa za a samu a wurin.

Ki riƙe salla kan lokaci. Ki taya goggonki aiki kafin ta ce, tana da faɗa amma cikinta fari ne. Ki ci abinci, kada karatu ya sa ki dawo mana kamar karan da ke hannunki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da malamai masu gaskiya da abokai na kirki, ya buɗe miki abin da ya rufe mini, ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Saura abu ɗaya. Tun ranar da aka raɗa miki suna ban taɓa kiransa ba, Ladi nake cewa don ranar Lahadi kika zo, haka muka tarar iyayenmu na yi. Amma ranar Juma'a a bukkar gona, da liman ya ce to wa ya yi wannan awo, ban ce yarinyar nan ba, ban ce Ladi ba. Na faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ga shi kuma ina rubutawa da hannuna: Rakiya ce ta auna, kuma awonta daidai ne.

Ki yafe mini, Rakiya.

Wassalam. Mahaifinki, Sanda.